Ƙarancin Jini Na Fashewar Ƙwayoyi: Sanadinsa, Alamunsa, Da Yadda A Ke Gane Shi

Abin da ya sa na zaɓi in yi magana a kan wannan ciwo shi ne wani kuskure da na yi sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa. Ina fata in kun ji shi ba za ku maimaita irinsa ba.

A cikin ajin da aka ba ni akwai wani yaro siriri, shekarunsa ba su wuce 9 ba. Kullum kafin a raba darasi biyu sai ya kifa kai bisa tebur, in kuwa an fita motsa jiki shi ne na ƙarshe. Na ɗauka ragwanci ne kurum. Ran nan da safe, ana tsakiyar hunturu, ya zo a makare yana ɗingishi, ya ce ƙafafunsa ke ciwo. Ban yarda ba, na sa shi ya tsaya bakin ƙofa cikin iska har aka buga ƙararrawa. Washegari bai zo ba. Da na tafi gidansu sai na iske shi kwance yana kuka, farin idonsa ya koma rawaya. Kakarsa ta ce mini, "Malam, shawara ce, mun jiƙa masa magani." Da ƙyar na shawo kan ubansa muka kai shi asibiti. Likita ya sa aka ɗibi jininsa aka auna, sa'an nan ya kira ni ya ce in leƙa cikin madubin likita, watau na'urar nan mai girmama ƙananan abubuwa. Na leƙa, na ga waɗansu ƙwayoyin jinin sun lanƙwashe kamar lauje. Likita ya ce mini yaron nan amosanin jini gare shi, jininsa bai kai rabin na tsaransa ba, sanyi kuwa yana cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Kunya ta rufe ni. Tun daga ranar na shiga tambaya da karatu, ga kuma abin da na samo.

Yadda jini ya ke

Jinin babban mutum ya kai wajen lita 5. Abin da ya sa ya ke ja shi ne waɗansu ƙwayoyi ƙanana ainun da ke yawo a cikinsa, ana ce da su jajayen ƙwayoyin jini. In an jera su, sai wajen 130 kafin su cika tsawon milimita 1, kuma cikin ɗigon da bai wuce kan allura ba akwai kimanin miliyan 5. Siffar ko wace ɗaya kamar faifai ce mai ɗan lotsawa a tsakiya ta fuska biyu. Tana da taushi, tana iya lanƙwasawa ta ratsa jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, ta fito ta koma yadda ta ke. Cikinta cike ya ke da wani sinadari mai ƙarfe wanda a ke kira himoglobin. Shi ne ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa dukan gaɓoɓi.

A cikin ɓargon ƙashi a ke yin waɗannan ƙwayoyi. Ko wace ɗaya takan yi kwana 120 tana aiki, sa'an nan ta tsufa, saifa ta tare ta ta rushe ta. Ƙarfen da ke ciki ba ya ɓata, jiki yakan mayar da shi ɓargo a sāke aiki da shi. Sauran kuwa yakan zama wani abu rawaya mai suna bilirubin, hanta ta karɓe shi ta gyara, ta zuba shi cikin maɗaciya, daga nan ya gangara hanji. Shi ne ke ba bayan gida launinsa. Ko wace rana wajen kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin ke mutuwa, ɓargo kuma yana mayar da daidai adadinsu.

Ku ɗauki ɓargo kamar maginin tukwane na gari. Tukwane suna iya ƙaranci a garin ta hanya uku. Ko dai magini ya rasa yumɓu ya kasa yin sababbi, wannan shi ne ƙarancin jini na rashin ƙarfe da rashin abinci mai kyau. Ko a riƙa kwashe tukwanen ana fita da su, wannan shi ne zubar jini, kamar na rauni, ko haihuwa, ko tsutsar ciki. Ko kuwa tukwanen su riƙa fashewa tun lokacinsu bai yi ba. Wannan na uku shi ne darasinmu, likitoci suna kiran fashewar himolisis. Ɓargo mai lafiya yana iya ninka aikinsa sau 6 har 8, sabo da haka in fashewar kaɗan ce mutum ba ya ma sani. Sai ta fi ƙarfin ɓargo tukuna jini ke raguwa.

Sanadin da ke cikin ƙwayar kanta

Tukunya takan fashe ko don yumɓunta ba shi da kyau, ko don wani ya buge ta. Haka likitoci suka kasa sanadin wannan ciwo gida biyu. Na farko, aibin da ke jikin ƙwayar, galibi gadonsa a ke yi. Na biyu, abin da ke auka mata daga waje.

Cikin na gado, wanda ya fi damun ƙasarmu shi ne amosanin jini, wanda yanzu mutane ke kira sikila. Wani likita mai suna James Herrick shi ya fara bayyana ƙwayoyin nan masu kama da lauje, a birnin Shikago na Amurka cikin 1910. Cikin 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna himoglobin ɗin masu ciwon ya bambanta da na sauran mutane. Irin wannan himoglobin, wanda a ke yi wa alama da harafin S, in ya sauke oksijin sai ya sandare, ya miƙe kamar tsinke, ya lanƙwasa ƙwayar. Ƙwayar da ta zama haka ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, kuma takan toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne ciwon ƙashin nan mai tsanani.

Wanda ya gaji S daga mahaifi ɗaya kaɗai, watau AS, lafiyarsa lau. Cikin 1954 Anthony Allison ya nuna a Afirka ta Gabas cewa irin waɗannan suna da ɗan tsari daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa ke nan irin ya yawaita a ƙasashen sauro. A Nijeriya wajen mutum 1 cikin 4 AS ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2006 ana haihuwar yara kimanin 150,000 masu ciwon ko wace shekara a ƙasar. In AS ya auri AS, ko wane ciki yana da rabo 1 cikin 4 ya zama SS, 2 cikin 4 AS, 1 cikin 4 AA. Ku lura da kalmar nan, ko wane ciki. Waɗansu suna tsammani in an haifi ɗaya mai ciwo to uku masu biye sun tsira, alhali ko wane ciki sabuwar ƙuri'a ce. Akwai kuma himoglobin C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana. In ya gamu da S yakan kawo ciwo irin wannan, ko da ya ke sau da yawa ya fi sauƙi.

Na biyu shi ne ƙarancin wani sinadari mai tsaron ƙwaya, wanda a ke taƙaita sunansa G6PD. An gano shi a Amurka cikin 1956, bayan an lura waɗansu mutane jininsu yana fashewa in sun sha firimakwin, maganin zazzaɓi. Mutane wajen miliyan 400 ke da shi a duniya. Ya fi bayyana ga maza, ta wajen uwa kuwa ɗa namiji ke gadonsa. Mai shi yana zaune lafiya shekara da shekaru, sai ran da ya gamu da abin da ƙwayoyinsa ba su iya jurewa, sa'an nan bayan kwana 1 zuwa 3 ya ɗashe, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi baƙi. Abubuwan da ke tayar da shi sun haɗa da firimakwin, da dafson da a ke ba masu kuturta, da naitirofurantoyin na ciwon mafitsara, da zazzaɓi mai zafi ko wane iri, da waken fava wanda mutanen Masar da Sudan ke dafa ful da shi. Wakenmu na gida ba ya cikin wannan. Akwai biyu kuma da ke cikin ɗakunan iyayenmu mata: farar ƙwayar nan mai wari da a ke sa wa cikin akwatin tufafi don asu, wadda mu ke kira kafur, da ƙunshin lalle in an shafa wa jariri mai wannan rashi.

Na uku aibi ne a fatar ƙwaya, sai ta dunƙule kamar dawon fura maimakon faifai. Dunƙulalliyar ƙwaya ba ta iya matsewa ta wuce ƙananan ƙofofin saifa, can ta ke maƙalewa a rushe ta. Wannan ya fi yawa ga mutanen arewacin Turai. Na huɗu shi ne talasimiya, wadda Thomas Cooley ya bayyana a Amurka cikin 1925. A cikinta jiki ba ya iya haɗa himoglobin sosai. Mai tsananin ta fi yawa a ƙasashen gāɓar Bahar Rum, da Gabas ta Tsakiya, da Indiya, da kudu maso gabashin Asiya.

Sanadin da ke zuwa daga waje

Babba a nan shi ne zazzaɓin cizon sauro. Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar cikin jinin wani majinyaci a Aljeriya cikin 1880, Ronald Ross kuma ya same ta cikin sauro a Indiya cikin 1897. Cutar takan shiga jar ƙwaya ta ci ta hayayyafa, sa'an nan ta fasa ta ta fito. Irin da ya fi yawa a wajenmu, falsifarum, kwana 2 ya ke yi ya kammala wannan zagaye. Ban da waɗanda cutar ta fasa, saifa tana rushe masu lafiya da yawa tare da su. Wani lokaci fashewar takan yi yawa farat ɗaya har fitsari ya koma baƙi, ƙoda ta tsaya. Wannan shi ne zazzaɓin baƙin fitsari, wanda ya kashe Turawa da yawa a Afirka ta Yamma zamanin da kwinin ne magani.

Sanadi na biyu shi ne garkuwar jiki. Jiki yana ƙera waɗansu makamai da a ke kira antibodi don yaƙar baƙin abubuwa, su kuwa suna iya faɗa wa jajayen ƙwayoyi ta hanya uku. Ta farko, in an ƙara wa mutum jinin da ba rukuninsa ba. Karl Landsteiner ne ya gano rukunonin A, B da O a birnin Biyana cikin 1901. In an yi kuskure a nan, tun jinin bai gama shiga ba majinyaci zai kama rawar ɗari da ciwon baya, fitsari ya yi ja, rai ma yana iya salwanta. Ta biyu, tsakanin uwa da jariri. Akwai wata alama a jikin ƙwaya mai suna Rh, wadda Landsteiner da Alexander Wiener suka bayyana cikin 1940. In uwa ba ta da ita, jariri kuwa ya gāje ta daga ubansa, jikin uwa yakan ƙera makamai, su ƙetara mahaifa su fasa jinin jaririn. Ɗan fari galibi yakan tsira, na baya ke shan wahala. Tun 1968 akwai allurar da a ke yi wa irin wannan uwa cikin sa'a 72 bayan haihuwa don tsare 'ya'yan da za su biyo. Ta uku, jiki ya juya wa ƙwayoyinsa da kansa, ko haka kawai, ko sabo da wata cuta kamar sankarar jini, ko sabo da magani kamar metildofa na hawan jini.

Sanadi na uku shi ne duka da yanka. In ƙananan jijiyoyi suka cika da zaren gudan jini, ƙwayoyi masu wucewa da gudu sai su yayyanke. Ana ganin haka ga mace mai jijjigar ciki, da yaron da ya yi gudawar jini ƙodarsa ta taɓu, da mai ruɓewar jini, wani lokaci kuma bayan saran kububuwa. Ƙuna mai faɗi tana fasa ƙwayoyi, haka kuma ƙofar zuciya ta ƙarfe in ba ta zauna daidai ba. Har doguwar tafiya bisa ƙasa mai tauri, irin ta soja, tana iya murƙushe kaɗan a tafin ƙafa.

Alamun ciwon

Alamun iri biyu ne. Akwai na ƙarancin jini ko wane iri: kasala, haki in an yi ɗan aiki, jiri, ciwon kai, bugun zuciya da sauri, da ɗashewa. Ga baƙar fata ba a neman ɗashewa a kumatu. Sai a ja fatar ido ta ƙasa a duba cikinta, a duba harshe da dasashi, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce. Wurin da ya kamata a ga ja, sai a ga fari fat.

Akwai kuma na fashewa kanta. Ta farko ita ce shawara, domin bilirubin ya fi abin da hanta ke iya gyarawa. A farin ido a ke fara ganinta, da hasken rana, ba da fitila ba. Ta biyu kumburin saifa, a ji ta da tauri ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Amma ga mai SS saifa takan kumbura yana ƙarami, daga baya ta shanye ta daina aiki, shi ya sa cututtuka ke saurin kā da shi. Ta uku canjin fitsari. In cikin saifa a ke rushe ƙwayoyin, fitsari yakan ɗan yi duhu kurum. In kuwa cikin jijiya su ke fashewa, himoglobin yakan tsiyayo ta ƙoda, fitsari ya yi ja ko baƙi kamar shayin da ba madara. In ciwon ya daɗe yakan kawo tsakuwa cikin maɗaciya, da gyambo a idon sawu, da tsumburewa, da tudun goshi sabo da ɓargo ya faɗaɗa. Jariri mai SS ba ya nuna kome sai ya kai wajen wata 6, sa'ad da himoglobin ɗin da ya fito da shi daga ciki ya ragu. Sau da yawa alamar fari ita ce kumburin hannu da ƙafa mai zafi.

A nan ne mutanenmu ke ruɗewa, gama duk rawayar ido shawara mu ke ce mata, alhali hanyarta uku ce: ko jini ke fashewa, ko hanta ke ciwo, ko hanyar maɗaciya ta toshe. In hanya ta toshe, bayan gida yakan yi fari, jiki ya yi ƙaiƙayi. In jini ke fashewa, bayan gida yana nan da launinsa ko ya ƙara duhu, babu ƙaiƙayi, ga kuma ɗashewa. Jiƙo ɗaya ba zai yi wa ukun nan magani ba.

Alamun da ba a kwana da su a gida su ne baƙin fitsari ko ɗaukewarsa, haki ana zaune, suma, zazzaɓi ga mai sikila, kumburin ciki farat ɗaya ga ƙaramin yaro, da rawayar ido ga jariri cikin sa'a 24 na farko. Bilirubin in ya yi yawa ga jariri yakan shiga ƙwaƙwalwa ya bar shi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har abada, alhali in an kai shi da wuri ana sa shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske ya warke.

Yadda a ke ganewa a ɗakin gwaji

Likita yana da tambaya uku, a jere ya ke binsu. Jinin ya ragu? In ya ragu, fashewa ce ta rage shi? In fashewa ce, me ya kawo ta?

Amsar ta farko tana wajen awon himoglobin. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji babba in ya kasa giram 13 cikin desilita, ko mace ta kasa 12, yana da ƙarancin jini. Mai SS, ko lokacin da ya ke jin daɗin jikinsa, tsakanin 6 da 9 ya ke zama.

Don amsa ta biyu ana neman shaida iri biyu: tsingaron tukwanen da suka fashe, da alamar magini yana gaggawa. Shaidar gaggawa ita ce ƙidayar ɗanyun ƙwayoyi, waɗanda a ke kira ritikulosait. In an rina su da wani shuɗin rini, ana ganin zare-zare a cikinsu. Ga mai lafiya ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, ga mai fashewa kuwa sukan kai 10, ko 20, ko fiye. In jini ya yi ƙasa, ɗanyun kuma babu, to magini ne ya tsaya. Haka kan faru ga mai sikila in wata cuta mai suna farbobairos B19 ta kama shi, abin kuwa yana da haɗari ƙwarai.

Tsingaron kuwa uku ne. Na farko bilirubin, wanda ga mai lafiya bai cika wuce miligiram 1 cikin desilita ba, ido kuma ba ya nuna shi sai ya kai wajen 3. Ana auna shi kashi biyu, wanda hanta ta gyara da wanda ba ta kai ga gyarawa ba. A fashewar jini na biyun ne ke hawa. Na biyu wani sinadari mai suna LDH, wanda ke cikin ƙwaya, in ta fashe ya zube cikin ruwan jini. Shi kaɗai ba ya isa shaida, don ciwon hanta da na zuciya ma suna ɗaga shi. Na uku haftoglobin. Hanta ke yinsa, aikinsa kamar na dogari ne, ya kama himoglobin da ya ɓalle ya tafi da shi. Da ya ke tare da wanda ya kama a ke kawar da shi, in fashewa ta yi yawa sai a auna a tarar ya ƙare. In aka sami ɗanyun ƙwayoyi sun yi yawa, bilirubin da LDH sun hau, haftoglobin ya faɗi, to magana ta tabbata.

Fitsari ma yana ba da labari, kuma a nan sai a yi hattara da tsargiya, wadda ta yi yawa ga yaranmu masu wanka a kududdufi. Mai tsargiya, jini yakan biyo ƙarshen fitsari, in an duba a madubi a ga jajayen ƙwayoyi lafiyayyu da ƙwan tsutsa, in an juya fitsarin cikin na'ura jan ya kwanta a ƙasa. Mai fashewar jini kuwa, fitsarin duka ya rine, takardar gwaji tana nuna jini, amma babu ƙwayoyi a madubi, kuma kome juyawa jan ba ya kwantawa.

Tambaya ta uku, madubi ke fara amsa ta. Ana shafa ɗigon jini bisa gilashi, a shanya, a rina, a duba. Lauje yana nuna sikila. Ƙwaya mai ɗigo a tsakiya tana nuna himoglobin C ko talasimiya. Dunƙulalliya tana nuna aibin fata na gado ko faɗan garkuwar jiki. Gutsattsari suna nuna yanka cikin jijiya. Wadda ta yi kamar an gatsa gefenta tana nuna rashin G6PD. Cutar zazzaɓi kuwa ana ganinta zaune cikin ƙwaya kamar zobe.

Daga nan sai gwaji na musamman. Don gane faɗan garkuwar jiki akwai gwajin Coombs, wanda Robin Coombs da Arthur Mourant da Robert Race suka fito da shi a Ingila cikin 1945. Ana wanke ƙwayoyin majinyaci, a zuba musu wani ruwa mai kama antibodi. In makaman suna manne a jikinsu sai su cure wuri ɗaya. Shi ke raba dunƙulewar gado da ta garkuwa, gama a ta gado ba sa curewa. Don gane sikila akwai gwaji mai sauƙi, a zuba wa jini wani gishiri mai janye oksijin a ga ko zai lanƙwashe. Amma wannan ba ya bambanta AS da SS, duka biyu yakan nuna. Mai bambantawa shi ne gwajin da a ke sa himoglobin bisa takarda a saki lantarki, ko wane iri, A da S da C, ya yi tafiyarsa ya tsaya a wurinsa. Shi ne mutane ke kira gwajin jinotayif.

Akwai tarko uku da ma'aikacin ɗakin gwaji ke kiyayewa. In an ƙara wa mutum jini, gwajin jinotayif yana iya ruɗarwa har wajen wata 3, sabo da haka kafin ƙari a ke ɗibar na gwaji. Gwajin G6PD yana iya nuna lafiya ana tsakiyar ciwo, domin tsofaffin ƙwayoyi sun mutu, ɗanyun kuwa suna da sinadarin da dama, sai a sāke bayan wata 2 ko 3. Na uku, in an ja jini da ƙarfi ta siririyar allura, ko an girgiza kwalba, ko an bar ta a rana, ƙwayoyin sukan fashe cikin kwalbar, a ɗora wa majinyaci ciwon da ba shi da shi.

Abin da ya rage gare mu

Magani aikin likita ne, kuma sanadi ya ke bi: a kashe zazzaɓi, a tsai da maganin da ya tayar da ciwo, a kwantar da garkuwar jiki, a ƙara jini in ya yi ƙasa ƙwarai. Masu sikila ana ba su folik asid, da rigakafin zazzaɓi da na sauran cututtuka, da wani magani mai suna haidiroksiyuriya wanda ke rage yawan tashin ciwo. Abu ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, maganin ƙarin jini mai ƙarfe da a ke saya a kanti ba na wannan ciwo ba ne. Galibi ƙarfen bai fita daga jiki ba, in an yi ta ƙarawa sai ya taru ya ɓata hanta da zuciya.

Mu malamai ba likitoci ba ne, amma yaro ya fi daɗewa gabanmu da rana bisa gaban kowa. In kun ga mai yawan kasala, ku ja fatar idonsa ku duba kafin ku ɗauki bulala. Mai sikila ku bar shi ya sha ruwa sa'ad da ya so, ya fita fitsari ba tare da tsawa ba, ya sa rigar sanyi da hunturu, kada ku tilasta masa gudu ko ku bar shi cikin ruwan sama. Ku gaya wa iyaye su nisanta kafur daga tufafin jarirai. Mu kuma samari da ke shirin aure, mu san jinotayif ɗinmu da na wadda mu ke nema tun magana ba ta yi nisa ba, gama rigakafi ya fi magani.

Yaron nan kwanansa 8 a asibiti, aka ƙara masa jini, ya komo aji. Na mayar da shi kujerar da ke nesa da taga, na kuma nemi gafararsa gaban 'yan ajin. Da aka yi jarrabawar lissafi kafin in bar makarantar, shi ya zo na 3 cikin yara 41. Allah ya ƙara masa lafiya, mu kuma ya ba mu ikon lura da amanar da za a danƙa mana.